Ƙaiƙayi a Hancin Mota

Mota ɗaya gare ni a lokacin, bayanta cike da doyar mutane daga Assakio, za ta Kano. Idan ta daɗe a rana doya ta ruɓe, sunana ma ya ruɓe tare da ita. Jiya ina duba wata motar na shafo baƙin mai a yatsa na kai hanci, sai ranar ta dawo mini, da tsohon makanikin da na koyi hakan a wurinsa.

A ranar, motar doyar tana ta fitar da shuɗin hayaƙi, mai ya jiƙe bututun iska. Kowa a garejin da na kai ta ya ce a sauke inji. Baba, tsohon makanikin nan, ya sa aka tayar da ita, ya buɗe murfin mai, ya ɗora tafin hannunsa a bakin, idonsa a rufe.

Ya ce, "Ɗana, mai ba ya hawa sama don kansa. Ko an turo shi, ko an jawo shi. Wannan ba turowa ba ce, da injin ne ke turo shi da na ji iska tana bugun tafina. Ina take kwana?"

"Bayan injin shinkafa, Baba."

Ya zaro filtar iska ya buga a ƙasa, ƙaiƙayi ya zubo tuli. "Hancinta ya toshe, turbo mai zuƙo wa inji iska ya rasa ta, ya zuƙo mai. Kai ma haka za ka yi."

Filta kawai na saya, aka wanke bututun. Doya ta isa lafiya, yau motoci sun ƙaru, amma irin tafin hannun nan ban sake samu ba. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa ratsa shi.