Yadda na ƙona hannun wanda ya koya mini aiki

A ƙarƙashin titunan Manhattan akwai bututai masu kai tururi cikin benaye, da shi ake ɗumama ɗakuna lokacin sanyi. Na yi shekaru a wani ƙaramin kamfani mai gyaran waɗannan bututai a cikin gidaje. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ne ya koya mini aikin, Yaya nake ce masa. Kullum tare muke hawo jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Bronx.

Sai aiki ya fara ja da baya. Masu benaye suka sa tagogin da ba sa shigar da iska, wasu suka kafa tukunyar gas tasu ta ɗumama ɗakuna suka yanke tururin. Muka koma ciro tsofaffin bututai. Maigidanmu mai kamfanin ya ce mutum ɗaya zai riƙe tsakanin ni da Yaya. Na bi shi ofis na ce hannun Yaya ya fara rawa. Gaskiya ce, amma ba don ita na faɗa ba.

Wata safiya muna ƙasan wani bene, Yaya ya tambaye ni ko ni na kai maganar. Na ce aiki aiki ne. Ban rufe baki ba ya kwaɗa mini sifana a kafaɗa, ya ƙara a baki. Na tofar da haƙori da jini. Na shaƙe shi, muka faɗi kan ƙarafa, ya gartsa mini cizo a yatsa. Da muka miƙe na ingiza shi jikin bututun da ba a kashe tururinsa ba tukuna, na danne damtsensa a kai. Na ji ƙaurin fata, ban saki nan take ba.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa yana kallon hannun, ya ce, "Ɗauko ruwa, ƙanena."

A asibiti ya ce santsi ne ya kwashe mu. Ni maigida ya riƙe, kafin wani sanyin ya zagayo kuma ya rufe kamfanin. Yaya ya koma aikin kula da tsofaffi. Sau biyu na je ƙofarsa a Morris Heights, can Bronx, neman gafara. A zuwa na biyu matarsa ta buɗe, ta ce ya ce ya yafe, amma kada in sake zuwa.