Sunan Baba a Bakin Oga

A gidanmu na Suleja ba a faɗin sunan Baba. Inna har ta koma ga Allah ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, Malam take cewa. A babbar kasuwa, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki, Alhaji ake ce masa. Da matata ta haifi namiji muka yi wa Baba takwara, sai yaron ya zama Abba, don kada wata rana a daka masa tsawa da sunan kakansa.

Sai na samu aiki a wani kamfani a Abuja. A can na koyi cewa sunan uban da mutum ke liƙawa a bayan nasa shi ne Turawa ke ce wa surname, wai sunan iyali, kuma da shi ake kiran mutum a wurin aiki. In ana ganin girmanka a sa maka Mista a gaba. In kai ƙaramin ma'aikaci ne irina, a jefo maka shi tsurarsa. Ogana kuwa ba Bature ba ne. Bahaushe ne kamata, ya yi 'yan shekaru a Ingila ya dawo yana hura hanci. Ya san sarai abin da sunan uba yake a wurinmu, shi ya sa har yau ban yafe masa ba. In fayil ya ɓace, sunan Baba. In shayinsa ya huce, sunan Baba. Na haɗiye, saboda akwai bakunan da ke jirana a gida, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da yanar ido ta fara damun Baba, na kai shi wurin likita a Abuja. Oga ya hana ni hutun yini, don haka daga asibiti na wuce da shi ofis ya jira ni mu koma tare. Babbar rigarsa ta Juma'a ya sa, wadda ya ɗinka da hannunsa. Mai karɓar baƙinmu, wata 'yar Filato mai kirki, ta ba shi kujera da ruwa.

Bai daɗe da zama ba oga ya banko ƙofa, ya ƙwala sunan, ya bi shi da zagi da Turanci. Kafin in taso, Baba ya miƙe yana laluben sandarsa.

"Na'am, ranka ya daɗe," in ji shi.

Oga ya dube shi sama da ƙasa. "Wane ne wannan kuma?"

"Oga, ai mai sunan ne," in ji 'yar Filato, murya ƙasa-ƙasa.

Sai ya yi dariya. "Sori Baba, ba da kai nake ba, da wannan sakaran nake." Ya juyo gare ni ya sake kiran sunan, a gaban mai shi. Ni kuma na amsa. Baba ya koma ya zauna, bai ƙara taɓa ruwan ba.

A motar komawa, da muka wuce Dutsen Zuma, Baba ya juyo gare ni.

"Kullum haka suke kirana?"

Na ce, "Baba, al'adar Turanci ce, ni suke nufi."

"Kai suke nufi." Ya jinjina kai. "To naka fa, wanda na yanka maka rago a kansa, ina ka kai shi?"

Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake tambayata yaya aiki ba, shi da a da yake tare ni da tambayar tun daga zaure.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar bakwai na koma ofis, oga ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, har ya tambayi shekarun marigayin. Kafin azahar shayinsa ya huce. Na ji sunan ya taso daga ƙarshen baranda, da tsawar nan tasa, sunan mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba.

Na tashi na ɗauki kofin.