Mutumin da ke tsoron ruwan sama

Iya Abu, kakata ta wajen uwa, tana da wata tatsuniya da ba ta yin ta sai da damina. A ƙauyenmu da ke gefen Zango, idan ruwa ya tsare mu bayan isha'i, ɗakinta muke cika. Ta hura wuta a kasko, ta zube mana dafaffiyar gyaɗa a faifai, hayaƙi yana sa mu hawaye amma ba mai fita. Har yau ina jin ƙanshin ɗakin nan, jiƙaƙƙiyar ƙasa da man shanu.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Wani manomi ne, ta ce, wanda duk shekara shi ne a sahun gaba wajen roƙon ruwa. Sai aka yi yaƙin basasa, ya shiga soja, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa kudu. Can ya tarar da ruwan da ya daɗe yana roƙo.

"Ruwa ba dare ba rana, 'yan nan. Kamar sama ta huje."

A rami suke kwana, ruwa har gwiwa. Ba a cire takalmi, don ba a san lokacin gudu ba. Ranar da ya samu ya cire, fatar ƙafarsa ta biyo safa. Abinci garin rogo ne, ba sai ka jiƙa ba, a jiƙe yake zuwa, har ya yi tsami. Kwarkwata a wuyan riga, sauro a kunne. Itatuwa sun rufe rana, bai san gabas ba balle alƙibla. Ya nemi busasshiyar ƙasa ya yi taimama, duk duniya laka. Da abokinsa ya rasu suka haƙa masa kabari, kafin su gama salla ramin ya cika da ruwa, sai da suka danne gawar da icce. Kuma cikin ruwan ne ake kawo musu hari, domin ruwa yana ɓoye ƙarar sawu.

Yaƙi ya ƙare, ya dawo gida da ƙafafunsa biyu, aka yi ta barka. Lafiya lau har bazara. Ranar da ruwan fari ya sauka, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, aka nemi maigida aka rasa. Ashe yana ƙarƙashin rumbu, ya toshe kunnuwa, kaji na tsallake shi. Matarsa ta goya ɗanta ta tafi shuka ita kaɗai.

A nan muke fashewa da dariya. Yayana Lawal har kwaikwayonsa yake yi, ya cusa kai ƙarƙashin gadon Iya, ta ɗaka masa duka a gindi.

"Fito, mijin banza. Kai ko kukan jaki ka ji sai ka jiƙa wando."

Ni kuwa kullum sai na tambaya, "Iya, to ya warke?"

"Ci gyaɗarki, uwar tambaya. Ƙurunƙus, ruwa ya tsagaita, kowa ya nemi tabarmarsa."

Ban taɓa lura ba cewa ita ba ta dariya. Ko da muka karanta yaƙin a sakandare, ban haɗa shi da mutumin ƙarƙashin rumbu ba.

Yanzu ina aure a cikin Daura. Mijina Sabi'u soja ne. Ya daɗe a daji, kwanan nan aka ba shi hutu ya dawo, ya rame, ba ya son magana. Satin da ya wuce ina zuba masa tuwo aka yi tsawa. Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a ƙasa, gwiwarsa a bayana, tafin hannunsa ya toshe mini baki da hanci. Yana raɗa mini, "Kar ki motsa, sun zo." Na yi ta kokawar numfashi har idona ya fara rufewa. Da ya sake ni ya daɗe yana kallona kamar bai san ni ba, sannan ya zauna cikin miyar da ta zube ya fara kuka. Ina da ciki wata biyar.

Washegari na hau mota zuwa wajen Innarmu. Na ba ta labari, har na ce mata abin ya tuna mini da tatsuniyar marigayiya Iya.

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Wace tatsuniya? Babanmu ne. Kawunki Sale ne goyon."

"To Inna, ya warke?"

"An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti. Wata damina ina ƙarama, hadari ya haɗo, ya ɗauki butarsa ya yi arewa. An gan shi ya wuce Kongolam, can bakin iyaka. Ya ce wa wani mai shayi zai je inda ba a ruwa. Shi ke nan." Ta ɗauki tsintsiyarta ta ce, "Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki. Iya ma haƙuri ta yi."

Na komo. Da can ina ɗauka darasin labarin shi ne ka iya roƙonka, kada a ba ka fiye da abin da za ka ɗauka. Yanzu na ga ba darasi Iya take koya mana ba. Ba ta da wanda za ta faɗa wa ne, sai yara, kuma yara sai an ce musu tatsuniya ce suke zama. Ta tsaya a inda ake dariya, ta haɗiye sauran.

Da yamman nan Sabi'u yana barci a zaune, ya jingina da bango, takalminsa a ƙafa. Na kwashe wuƙaƙe na kai maƙwabta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa labule, yara a waje suna tsalle. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana kwashe shanya, fuskarta cike da murna.

"Maman biyu, kin ga hadari? Allah ya saukar mana da shi mai yawa."

Na buɗe baki in ce amin, ta ƙi fitowa.