Maraƙar da Na Yi wa Aski

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ƙarar bokitin nan ba. Ina tankaɗe a tsakar gidanmu a Hunkuyi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sai na ji an bangaje shi a zaure. Maigidana ya shigo yana jan wata jar maraƙa, gashi ya lulluɓe ta har idanu. Wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa ita.

Surukata ta riƙe haɓa. "Kai, wannan saniya ce ko tunkiya?"

"Inna, irin ƙasar sanyi ce. Da ita za mu fara garke, in sha Allahu."

Ba mu taɓa mallakar saniya ba. Ni ke ba ta dusa, ta saba da ni har tana lasar zanena.

Da bazara ta kama, sai ta koma haki, harshe a waje, ta daina ci. Tausayi ya hana ni sukuni. A makaranta an koya mana gashi na riƙe zafi, na ɗauka na fi kowa ganewa. Ranar da maigidan ya tafi kasuwar Makarfi, na ɗauko almakashin ɗinkina na kwashe gashin tas. Ta tsaya shiru, don ta yarda da ni. Wannan tsayuwar tata ce ke damuna har yau.

Ashe fatarta fara ce sol, ba irin ta shanunmu ba. Kwana uku rana ta ƙone bayanta, ya sale, ƙudaje suka zuba tsutsa. Wani dattijon Bafulatani ya zo dubawa, ya girgiza kai. "'Yata, inuwa da ruwa kawai take nema. Rigar da Allah ya ɗinka mata kika tuɓe."

Maigidan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Aka yanka ta kada ta zama mushe, aka raba wa maƙwabta. Ban iya kai ko tsoka ɗaya bakina ba. Tun ranar na san tausayi ma yana kisa, in mutum bai tsaya ya tambaya ba.

Ina kan dadduma bayan la'asar, 'yata mai shekara biyar ta dafa kafaɗata.

"Umma, ki daina kuka. Kafin a yanka ta na gaya mata a kunne ba da gangan kika yi ba."