Rayuwar Malama Ka-Yarda da Amsar da Aka Hana Ta Bayarwa

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1958, a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuma ungozoma. Ta kammala makarantar horon malamai a 1979, sannan ta ƙara shekara biyu tana koyon kula da masu raunin fahimta, fannin da danginta suka ɗauka ɓata takardar shaida ne kawai.

Aiki da aure

A 1981 ta kama aiki a wani gidan kula da manya masu raunin fahimta, dogon gini mai baranda da benci ɗaya a bakin ƙofa. Ɗabi'arta ita ce ba ta aske wa mutum kai ko ta canja masa riga sai ta nemi izininsa, ta kuma tsaya jiran amsa ko da ruwan wanka zai huce. Abokan aikinta, waɗanda kullum idonsu ke kan lokacin tashi, suka laƙaba mata suna Ka-Yarda. A 1983 ta auri wani direban motar asibiti, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Al'amarin Dogo

Cikin mazauna gidan akwai wani da ake kira Dogo, wanda mahaifiyarsa ke ziyartarsa duk Asabar. A 1996 tsohuwar ta rasu, sai yayansa, wanda riƙonsa ya koma hannunsa, ya zo ofis ya kafa sharaɗi.

"Ku ce masa ta yi tafiya," in ji shi. "Mutumin da bai iya ɗaure takalmi ba, me zai gane a mutuwa?"

Malama ta ƙi faɗin wannan ƙarya, domin a ganinta kuka ma haƙƙin mutum ne. Ta kai maganar gaban kwamitin gidan, kwamiti ya sha shayi, ya yaba da kishinta, ya ce magana ta mai riƙo ce. Yayan kuwa ya rantse ranar da aka gaya wa Dogo, ranar zai ɗauke shi ya kulle a ɗakin bayan shagonsa. Malama ta san zai aikata, sai ta kama bakinta, abin yana cin ta a rai.

Duk Asabar Dogo yakan sa rigarsa mai kyau ya zauna a benci, ya tambaye ta, "Malama, yau Mama za ta zo?"

"Yau ba za ta zo ba, Dogo. Matsa in zauna."

Ritaya da rasuwa

Ta yi ritaya a 2014, bayan ta sha sabunta roƙonta gaban shugabanni daban-daban, kowanne ya ba ta haƙuri. Ta rasu a 2019 sakamakon ciwon zuciya, aka yi jana'izarta a ranar, aka binne ta kusa da mijinta, wanda ya riga ta rasuwa. Ta bar babban ɗanta makaniki, da 'yarta ma'aikaciyar jinya, da wani ɗan mai shagon gyaran waya, da autarta da ke jami'a. Allah ya jiƙan ta.

Dogo yana nan da rai, furfura ta rufe masa kai. Har zuwa lokacin da ake rubuta wannan tarihi, ba a gaya masa ba.