Mai Hoto a Tsibirin Zalɓe

Kar-ka-motsa ake ce masa a layinsu, don abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa ke nan. Hoton fasfo yake ɗauka, da shi ya ci, da shi ya aurar da 'ya'ya. Amma fa zuciyarsa ba ta cikin shagon nan mai shuɗin labule. Tana can kogi, ƙasa da madatsar ruwa, inda tsuntsaye ke sauka.

Bawan Allahn nan ya san tashin tsuntsu kamar shi ya koya musu. Zalɓe, in ji shi, ba ya tashi sai ya fuskanci iska, ya ɗan durƙusa, ya yi kashi. "Da ka ga kashin, danna!"

Matarsa takan ce, "Oh ni! Mutane na jiran ciniki, kai kana jiran kashin tsuntsu."

Wasa take yi, amma tsoro ne fal cikinta. Inda yake kwanciya don ɗaukar hoton tsuntsaye wani tsibirin yashi ne a tsakiyar kogi, da ƙafa ake tsallakawa. In aka buɗe madatsa, ruwa shanye shi yake yi, ga shi ko iyo bai iya ba. Ƙaninta ke gadi a madatsar, shi ke bugo waya kafin a saki ruwa. Abu ɗaya ta roƙa: kada ya kashe waya.

To, wata rana zalɓe ya durƙusa ke nan sai wayar ta yi ƙara, tsuntsu ya zabura, hoto ya lalace. Haushi kamar ya kashe shi! Tun daga ranar, da ya kwanta sai ya kashe ta, bai gaya wa kowa ba.

Ran nan ya fita da sassafe, an kwana biyu ana tafka ruwan sama. Ya bar takalmansa a kan dutse a gaɓa, ya tsallaka, ya lulluɓa da buhu, ya rufe ido ɗaya. Tsuntsayen ba sa kiwo, sai miƙa wuya suke yi suna kallon wajen madatsa.

Sai suka tashi gaba ɗaya, fir! Ya dinga dannawa, daɗi ya cika shi, hoton da ya tsufa yana nema ke nan. Can ya tuna: ko ɗaya bai fuskanci iska ba, ko ɗaya bai durƙusa ba. Ya ji sanyin ruwa a gwiwar hannunsa.

Ya sauke kyamara. Babu dutsen, babu takalman, sai jan ruwa yana tafe da karare.

Yana kunna wayar ta yi ƙara a hannunsa. Matarsa ce.

"Baban yara! Tun ɗazu ƙanina ke nemanka! Ce mini ka fito!"

Ruwa ya kai masa cinya. Ya ɗaga kyamarar sama da kansa don kada ta jiƙe.

Ya ce, "Ga ni nan tafe."