Gwaggo Mai Wanki da Kwaɗin Bayan Ɗaki

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi shekara arba'in tana wanki a asibiti. Zannuwan gado, tsummokaran ɗakin haihuwa, duk abin da mutum zai gani ya kawar da kai, ta hannunta yake bi. Ta haifi biyar, ɗaya ya rayu. Magana ba ta dame ta ba, sai fa in an taɓo kwaɗinta.

Bayan ɗakinta akwai bishiyar da ta sunkuyo kan wani ɗan kududdufi, a kanta suke zama. Da rani sai su naɗe ƙafafu a reshe, su yi fari fat, ko motsi babu. Ruwan farko na sauka sai su kaɗa kumfa, su rataye ta a reshen da ke saitin ruwa, ƙwansu na ciki. Bayan kwana biyar 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su riƙa ɗigowa cikin kududdufin. Gwaggo takan ce, "Da ni da su, duk kumfa ce sana'armu."

Bara santsi ya kwashe ta a bakin ruwan, ta karye a ƙugu. Ɗanta birkila ne, ya cike wurin ya shafe da siminti. Ba zan ce ya yi laifi ba, amma har yau ina jin haushinsa.

Su kwaɗi wa ya gaya musu? Damina na faɗuwa suka rataya kumfa uku a reshen da suka saba, ƙasa kuwa siminti ne tsagwaro.

"Inna, kwaɗi ne fa, ba jikoki ba," in ji ɗan nata.

"Jikokin ka kawo mini na ƙi?" ta ce.

Ta sa a ranta 'ya'yan nan ba za su faɗo a busasshen wuri ba. Rana ta biyar, tana dogara sanda, ta jawo bahon wankinta uku ta jera a ƙarƙashin reshen, ta cika su da ruwa. Sannan ta yi abin da aka koya mata a wurin aiki: duk ruwan da zai taɓa kayan jariri, sai an ɗiga masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta zuba murfi ɗaya-ɗaya.

Da la'asar na zo gaishe ta. Tun daga ƙofa warin maganin ya buge ni. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ta zuba wa bahon ido. Ga 'ya'yan kwaɗin nan birjik a saman ruwa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, babu mai motsi.

"'Yar nan, duba mini, idona ne ko barci suke?"

Da ma na yi mata ƙarya. Amma bakina ba ya da birki, na ce, "Gwaggo, maganin ne."

Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

Can sai wani guda ya zubo daga kumfar ƙarshe. Ban san tana da sauran zafin nama haka ba, ta miƙa hannu ta tare shi. Yana ta mutsu-mutsu a tafinta. Ta dubi baho na farko, ta dubi na biyu, ta dubi na uku.

Na ruga famfo da kofi. Kafin in dawo ya daina motsi, ita kuwa ba ta sauke hannun ba.